Ko Rago Yana da Jifan Ceto?

Ƙofar Kuyambana, Birnin Zariya
Ranar Talata

Ƙanena Sagiru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da duk mutanen gida. Yaya bautar ƙasa, yaya baƙunta, yaya ɗaliban naka? Umma ta ce in tambaye ka ko ka fara cin abincin mutanen can, ko kuwa har yanzu garin kwaki da ƙuli kake yi wa hidima. Ta kuma ce kada ka kuskura ka taka kwalekwale ba ka yi addu'a ba, tunda kai ko a kududdufin bayan ganuwa ba ka taɓa iya iyo ba.

Mu nan kowa lafiya. Gwiwar Umma ce dai take taɓa ta in an yi ruwa. Maigidana Malam Ƙasimu yana gaishe ka. Jibril da Nasiru suna nan da ƙiriniyarsu, sun fasa mini tulu na biyu a watan nan. Yarinyar da Umma ta karɓe mini tun yaye kuwa ta ɗan yi zazzaɓi, irin na damina, amma da sauƙi. Shi ya sa kwanakin nan a gidanmu nake wuni, sai yamma in koma nawa.

A takarda nake rubutawa in ɗauki hoto in tura maka, tunda ka ce ƙauyen naku babu sabis sai ranar kasuwa in jirgi ya fito da ku gari, kuma ko a can murya ba ta fita, sai dai saƙo.

Abin da ya sa na ɗauki biro, wasan nan naka ne. Wasan labarin da ka kwaso daga jami'a ka zuba wa yara a ka, wanda Umma ta daɗe tana kira caca kafin ka rantse mata ba a sa ko sisi. Ni ban taɓa zama ba, amma daga madafa na ji abin da na ji. Kai ne mai labari, ka ɓuya bayan kwali kana ƙirƙiro dazuzzuka da dodanni. Jibril maharbi ne, Nasiru mai takobi. Kowa da takardarsa, da lambar ransa a rubuce, in an sare shi a rage. In za a yi wani abu sai a jefa ɗan lidon nan mai fuska ashirin a ga ko ya yiwu. Ita kuma yarinyar ita ce Bahago, ragon maharbi mai ƙaho ɗaya na hagu, wanda yake bin su duk inda suka sa ƙafa.

To, ashe ranar da za ka tafi ka bar su a tsaka mai wuya. Sun ce a wani kogo na dutsen Kufena kura ta yi kan maharbi, Bahago ya shiga tsakani, kura ta yage shi, lambar ransa ta koma sifili. Daidai nan aka kira salla, ka naɗe tabarma ka ce sai ka dawo. Haka ake yi, Malam mai labari?

Jibril ya ce in jarumi ya faɗi ba ya mutuwa nan take, akwai abin da kuke kira jifan ceto: a yi ta jefa ɗan lido, in ya sami masu kyau uku kafin marasa kyau uku, ya tsira. Nasiru ya ce wannan na mutane ne, dabba ba ta da shi. Har sai da suka ba hammata iska a kai na raba su da muciya. Ita kuwa yarinyar, tun da ta kwanta, tambayarta ke nan safe da yamma: “Yaya, ki tambayi Kawu, rago yana da jifa?” Har yanzu Yaya take ce mini, bakinka ta ɗauka.

Ka dai san ta da naci. Ka ba da amsa in huta.

Yayarka,
Zakiyya

*

Bakin ruwa, ranar kasuwa

Yaya Zakiyya,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki, na ji daɗi kamar an kawo mini tuwon Umma da miyar kuka. Ina lafiya ƙalau. Ki ce wa Umma na fara cin kifinsu, kuma ba na shiga jirgi sai na karanta duk abin da na sani. Gaskiya ruwan nan yana ba ni tsoro. Ba ka ganin ƙasansa, ba ka ganin ƙarshensa, matuƙin kuma yaro ne da ke tuƙi yana cin gyaɗa. A gaida Malam Ƙasimu da mazan gida. Allah ya ƙara wa mai zazzaɓi sauƙi, a dage da gidan sauro.

Yanzu haka ina zaune a shagon mai cajin waya, ƙarƙashin ƙarfen sabis, ina rubutu a kan gwiwa kafin jirgi ya juya. In kin ga rubutun ya karkace, dalilin ke nan.

Na karanta takardarki sau biyu ina neman sunan Ibtisam, ban gan shi ba. Haba Yaya! Shekara goma sha biyu, kunyar 'yar fari har a takarda? Ba ki kiran sunanta, ba ki ɗaukarta a gaban mutane, kin bar wa Umma ita, duk mun yarda, haka muka tarar. Amma takarda ba ta da baki, ba za ta kai ƙararki wurin kowa ba. Ke da kika yi karatun malanta!

Batun shari'ar da aka kawo gabana kuwa, ga hukunci. A littafin dokar wasan, jifan ceto na jarumai ne, waɗanda labarin yake a kansu. Goma zuwa sama jifa ne mai kyau, ƙasa da goma maras kyau. Dabbar rakiya kuwa, da dodanni, da 'yan kasuwar da ake wucewa ta gabansu, in lambarsu ta kai sifili shike nan, ba a tsayar da wasa a kansu. Don haka Nasiru ya fi Jibril gaskiya, amma kada ki gaya masa da ƙarfi kansa ya kumbura.

Ki ce wa Ibtisam kada ta damu, Bahago ya yi mutuwar maza. Dabbobi sun yi yawa a daji. In na dawo maharbi zai sami wata, shaho ko damisa, wadda ma ta fi rago ƙarfi. Kwana biyu kowa zai manta da shi.

Ga matuƙin can yana buga ƙarfe. Sai wata kasuwar.

Ƙanenki,
Sagiru

*

Ƙofar Kuyambana
Ranar Asabar

Sagiru,

Sallama. Gaisuwar yau gajera ce, ka yi haƙuri. Umma lafiya. Yaran maza lafiya. Ita ce ba lafiya.

Ba zazzaɓin damina ba ne. Ciwonta ne na sikila ya tashi, irin tashin da bai taɓa yi ba. Ni da Umma muka yanke kada a gaya maka. Ka san ba a aika wa na nesa labarin ciwo, sai dai a ce masa da sauƙi, don ba abin da zai iya sai tashin hankali, ga kuma ruwa tsakaninka da mu. Na ɗauka alheri muke maka. Da na san abin da kalmar nan za ta jawo, wallahi da na rubuta maka komai tun ranar farko.

Saƙonka ya shigo ina dama mata kunu. Na ga sunanka, murna ta hana ni karantawa, na miƙa mata wayar na ce ga Kawunki nan. Ina madafa ina jin ta tana 'yar dariya a wurin da kake zolayata, dariyar da na kwana biyu ban ji ba. Sai dariyar ta tsaya. Da na leƙo, ta ajiye wayar a kan filo a hankali, ta juya ta fuskanci bango. Kunun nan a kwano ya huce.

Akwai abin da ba ka sani ba. Kafin wasiƙarka ta zo, Gwaggo Tani ƙanwar Baba ta zo dubiya. Ta zauna a bakin ƙofa ta ɗauka yarinyar barci take, ta ce mini, “Zakiyya, irin waɗannan yaran baƙi ne, ba a sa musu rai. Ki gode wa Allah da ya ba ki maza biyu lafiyayyu.” Na san ta'aziyya take nufi tun kafin lokaci, haka suke yi. Umma ta yi mata tsawa, amma magana ta riga ta fita, kuma yarinyar idonta biyu.

Sai ga taka. Dabbobi sun yi yawa a daji, maharbi zai sami wata, kwana biyu kowa zai manta. Ka ga yadda maganar taku ta zo ɗaya?

Da na matsa mata ta sha ko cokali guda, ba ta juyo ba ta ce, “Yaya, Kawu ma ya faɗa. 'Yan rakiya ba su da jifa.”

Na ce, “Ke, wasa ne fa.”

Ta ce, “To me ya sa ni ce rago? Jibril da Nasiru ƙannena ne, amma su aka ba mutane.”

Kai kana da amsar wannan?

Jiya muka kai ta asibiti a napep, kowane rami na lungun nan sai da ta ji shi a ƙashinta, amma ko ƙara ba ta yi ba, kuma shirun ya fi kukan tayar mini da hankali. Aka sa mata ƙarin ruwa. Na fita karɓo magani, na dawo na tarar ta zare allurar da kanta, jini yana bin hannunta yana ɗiga, tana kallon sama kamar ba hannunta ba. Likita ta ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, dole a ƙara mata. Malam Ƙasimu ya bar rumfarsa a kasuwar hatsi yana yawon neman wanda nasa zai dace da nata. Likitar ta kuma ce ita ba za ta ɗaure yarinya mai hankalinta a gado ta ɗura mata jini tana fizgewa ba, mu koma gida mu shawo kanta, kuma kada mu daɗe. Wannan “kada ku daɗe” ɗin yana nan a kunnena ko ina salla.

Tsoro nake ji, Sagiru. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, kai ma don takarda ce. In na zauna a bakin gadonta hannuna yakan tashi zai taɓa goshinta, sai ya tsaya a hanya ya koma gyaran zanen gado. Tun da aka yaye ta ban rungume ta ba. Umma ce mai wannan, ni nawa damun kunu ne da wanki. Yanzu Umma ta yi lallashin har muryarta ta dushe, yarinyar ba ta ji.

Maganarka kaɗai za ta ji, tunda kai ka yanke hukuncin. Ka rubuto ka warware. Ban damu da abin da littafinku ya ce ba.

Zakiyya

*

Ƙofar Kuyambana
Ranar Laraba

Sagiru,

Sallama. Kana lafiya kuwa? Ranar kasuwarku ta zo ta wuce, wasiƙata tana nan a waya ba ta shiga ba. Na duba har idona ya gaji. Ko jirgin ne bai fito ba, ko wani abu ne ya same ka a ruwan nan da kake tsoro? Yanzu zullumin ya zama biyu. Ban gaya wa Umma ba ka amsa ba, na ce mata ka gaishe ta. Ka ga har yanzu ban daina halin ba.

Na gwada yi wa yarinyar dabara. Na ce mata ka bugo waya tana barci, ka ce kuskure ka yi, rago ya tashi garau. Ta dube ni da idanun nan da suka koma rawaya ta ce, “Yaya, murya ba ta fita a can. Ke kika faɗa.” Na rasa inda zan sa fuskata.

Jibril ya kawo mata takardarsa ta maharbi ya ce ta karɓa, shi ya koma rago. Ta ce ba a yin haka, mai labari ne kaɗai yake rabo. Yaron ya fita zaure ya yi ta kuka, yana cewa don shi kura ta yage ta.

An sami jinin. Wani abokin cinikin Malam Ƙasimu ne ya bayar, Allah ya saka masa. Likita ta ce a kawo ta kafin Juma'a ta wuce, ba zai jira har abada ba, ita ma haka. Amma da an ambaci asibiti sai ta ce a bar shi, a ba wani yaro da zai zauna. Abinci ba ta taɓawa. Ruwa sai ta jiƙa leɓe ta ture. Tafin hannunta fari fat. Umma ta daina cewa da sauƙi in maƙwabta sun leƙo, sai dai ta ɗaga musu carbi.

Malam Ƙasimu ya ce in ta ƙi har Juma'a zai ɗauke ta da ƙarfi, a danne ta a yi. Na san haƙƙinsa ne, kuma wataƙila shi ne daidai. Amma wadda ta riga ta sallama, in an ɗura mata jini yau, gobe me za a ɗura mata?

Don Allah in kana raye ka amsa.

Zakiyya

*

Bakin ruwa, ranar Alhamis

Yaya,

Ina raye, ina lafiya, ki kwantar wa Umma da hankali. Ruwan sama ne ya hana jirgi fita ranar kasuwa. Yau na biyo wani mai kai kifi. Ina kunna waya wasiƙunki biyu suka shigo tare. Na karanta su a tsaye, na ƙarasa a zaune a ƙasa a gaban shagon, mai shagon yana tambayata da Turancinsu ko mutuwa aka yi.

Innalillahi. Yaya, me ya sa? Da kin rubuta mini kalma ɗaya ta gaskiya, da hannuna ya karye kafin ya rubuta abin da ya rubuta. Amma ba ke kaɗai ba ce. Ni da na girma da ita a gida ɗaya, na san ciwonta, aka ce mini zazzaɓi da sauƙi na haɗiye, don shi ya fi mini daɗin ji.

Tambayarta tana da amsa, kuma amsar ba ta da kyau. Na ba ta rago ne don tana yawan kwanciya. In jarumi ba ya nan wasa ya tsaya, maza su yi ta ƙorafi. In rago ba ya nan sai in ce ya tsaya kiwo, a ci gaba. Na ɗauka dabara na yi don kada ta ji tana riƙe mutane. Ashe ita tana kallon abin da nake gaya mata.

Dokar ma rabinta na ba ki. Littafin ya ce yawancin masu labari haka suke yi da dabba, amma ya ƙara da cewa in wanda ya faɗi mai muhimmanci ne, mai labari yana da ikon ba shi jifa kamar kowane jarumi. Na bar wannan rabin don na ɗauka gardamar yara nake rabawa.

Na so in rubuta mata cewa Bahago ya miƙe kawai. Ba za ta karɓa ba. Ban taɓa yi musu maguɗi a wasan nan ba, shi ya sa ta yarda da shi fiye da yadda ta yarda da bakinmu. Jifa ta tambaya, jifa za a ba ta. Ki nuna mata layukan nan da na rubuta da hannuna:

Ibtisam, Kawu ya yi kuskure a hukunci. Bahago yana da jifan ceto, domin ba don shi ba da yanzu babu maharbi, babu labari. Na naɗa Yaya mai labari har in dawo. Abin da ta yanke ya zauna.

Ɗan lidon yana cikin gwangwanin madara a saman akwatina. Goma zuwa sama mai kyau. Uku masu kyau ya tsira, uku marasa kyau ya tafi.

Amma Yaya, ki san abin da na ɗora miki. Robar nan ba ta da tausayi, kusan rabi da rabi ne. In ta faɗi ba daidai ba a gaban idonta, ban san abin da zai biyo baya ba, kuma ni ne na jawo. In kin ga ba za ki iya ba, ki bar Malam Ƙasimu ya yi nasa.

Ba zan koma ƙauye ba sai na ji daga gare ki. Akwai Sakkwatawa masu sayar da albasa a nan, sun ba ni wuri a masallacinsu. Shugaban makaranta ya yi duk abin da zai yi.

Sagiru

*

Barandar asibiti
Juma'a bayan la'asar

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da kana raye. Na faɗa wa Umma gaskiyar shirunka, ta yi sujada da na karanta mata wasiƙarka, sannan ta zage ka a kan hawa jirgin mai kifi. A kan benci nake rubutu, mata suna ta wucewa da kwanukan abinci. Zan ba ka labarin yadda ya faru, ba zan rage komai ba.

Da safe na nuna mata layukanka. Ta karanta, ta sake karantawa, ta matso da wayar kusa da idonta tana duba ko rubutunka ne. Sannan ta ce a kai ta ɗakinka, a can ake wasa. Babanta ya ɗauke ta, ba nauyi ko kaɗan, ya jingina ta da bango a kan tabarma. Jibril da Nasiru suka zauna da takardunsu, ba wanda ya yi motsi. Umma ta jawo kujera ta toshe bakin ƙofa. Ni na zauna bayan kwalinka, mace da 'ya'ya uku, ban san ta inda ake farawa ba.

Na ce, “To, kuna cikin kogo.”

Ta ce, “Da duhu. Kawu yana cewa da duhu.”

Na ce da duhu. Na ce kura ta gudu, rago yana kwance. Na miƙa mata ɗan lidon, yatsunta sun kumbura, ta kasa riƙewa. Ta ce in jefa mata. Sagiru, na sha riƙe wuƙa da garwashi a madafa, ban taɓa riƙe abin da ya ƙona mini hannu kamar 'yar robar nan ba. A raina ina ta cewa, ya Allah ka sani ban ɗauki wannan abu masanin gaibu ba, rai a hannunka yake, yarinya ce kawai nake lallashi.

Na farko ya ba da sha huɗu. Nasiru ya yi tsalle. Na biyu uku. Na gaba shida. Ina jin carbin Umma yana ƙarar haɗuwa. Na dubi yarinyar, fuskarta ba tsoro, sai ma wata irin natsuwa, kamar wadda ake tabbatar mata da abin da ta riga ta sani. Wannan fuskar ce ta fi komai firgita ni. Na jefa na huɗu da ido a rufe, Jibril ya ce sha ɗaya. Biyu da biyu. Saura ɗaya, ko nan ko can.

Na jefa. Ya gangara a kan tabarma yana juyi ya nufi ƙafar akwatinka. Ban san lokacin da na miƙe ba. Akwai kwanon sha a gefena, wanda na kawo mata ruwa ta ƙi. Na watsar da ruwan na kife kwanon a kansa tun bai tsaya ba. Muka ji shi yana bugun kwanon daga ciki, sannan ya yi shiru. Ba wanda ya gani, har ni.

Ta ce, “Ki buɗe.”

Na danne kwanon da hannu biyu.

Ta ɗaga murya, ban san tana da sauran murya haka ba. “Ki buɗe! Kullum haka kuke yi. Ku rufe abu ku ce da sauƙi!”

Sai na ji bakina ya kira sunanta. Sunanta na yanka, da ƙarfi, a gaban Umma, a gaban ubanta, a gaban ƙannenta. Na ce, “Ba da sauƙi ba ne. Jikinki ya yi tsanani, kuma tsoro nake ji. Ba zan iya buɗewa ba. Ba ragon nake ji wa ba, ke nake ji wa. Ke na fara haifa, tun ba a san za a yi wani Jibril ko Nasiru ba. Ban san abin da littafin Kawunki ya ce ba, amma ni a wurina su ne suka zo rakiyarki.”

Ban san na saki kwanon ba sai da na ji ƙasusuwan bayanta a tafin hannuna. Ta sandare, don ba ta saba ba. Ni ma ban saba ba. Malam Ƙasimu ya tashi ya fita tsakar gida. Nasiru ya ce da Jibril a hankali, “Wai mu ne ragunan?” Umma ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, “Ni dai ban ji komai ba.” Mayafin yana rawa.

Can yarinyar ta ce a kafaɗata, “Sake faɗa.”

Na ce me?

Ta ce, “Sunan.”

Na sake. Sai ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba tun ranar da Gwaggo Tani ta zo. Na bar ta ta yi har ya ishe ta.

Da ta lafa ta daɗe tana kallon kwanon. Na ɗauka za ta sake cewa a buɗe, kuma na riga na yanke in ta ce zan buɗe, kome ke ciki. Sai ta ce, “Kada kowa ya taɓa. Yaya ba ta iya labari ba. Kawu ne zai buɗe.” Ta tambayi yaushe za ka gama, aka ce sai bayan babbar salla. Ta lissafa a ranta. Sannan ta ce, “Da nisa. A kawo kunun.”

Ta sha kaɗan, ta amayar da rabi, ta sake sha. Ta sa Jibril ya ɗora ƙaton littafin dokar wasan nan naka a kan kwanon saboda ɓera. Aka kulle ɗakinka, ta ce a ɗaura mata makullin a wuya da zare. Da shi ta shiga napep.

Yanzu ledar jinin ta yi rabi. Da kanta ta miƙa hannu aka sa allurar, ɗaya hannun yana cikin nawa, sai da ta yi barci na zare na fito rubuta maka. Likita ba ta ce mun tsira ba. Ta ce ƙirjinta bai yi mata daɗin ji ba, sai an ga yadda za ta kwana da yadda za ta wayi gari. Ba zan ce maka da sauƙi ba, na daina. Har yanzu tsoro nake ji, kuma duk lokacin da na tuna kwanon nan a kife a ɗaki mai duhu sai gabana ya faɗi. Ban san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Na dai san tana so ta gani.

Ka gode wa masu albasa, ka koma makarantarka. Ka sa rigar ruwan nan duk lokacin da za ka shiga jirgi, ko matuƙin zai yi maka dariya. Ba ka da izinin nutsewa, akwai mai jiranka ka buɗe mata kwano.

Ibtisam tana gaishe ka. Ka duba da kyau, hannuna ne ya rubuta.

Yayarka,
Zakiyya